Babi na Shida: Keken da Ba Ya Fita Ƙofar Gida

A shekarar 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga rahoton wani bincike da Michael Mortimore da abokin aikinsa suka gudanar a gundumar Ungogo. Abin da suke son ganewa shi ne yadda ƙasa ɗaya take ciyar da jama'a masu yawa haka, ana noma ta kowace damina ba a barin ta ta huta. Sirrin kuwa a kan hanya yake: duk rani jakuna na shiga birni da itace da amfanin gona, suna fitowa da mangaloli cike da taki. Bayan jaki sai keke ya karɓi rabonsa na wannan kai-komo. Rali ne ke tashe a lokacin, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa saboda sauƙin kuɗi. Har gobe in ka yi sammako a hanyar Fanisau ko ta Rangaza za ka gamu da mai lambu ya ɗaure kaya a kariya sun fi shi tsayi, yana taka feda a tsaye don ya riski kasuwa kafin rana ta taɓa ganyen.

Wannan bawan Allah, ka ce masa akwai masu zuba kuɗi su sayi keke su kafe shi a ɗaki, su yi ta tuƙi har gumi ya jiƙa su ba su je ko zaure ba, dariya zai yi maka, kuma ba za a ga laifinsa ba. Shi ya riga ya ba jikinsa haƙƙinsa tun kafin hantsi. Babin nan ba nasa ba ne.

Amma Ungogo ta yau ba manoma kaɗai ke cikinta ba. Ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 360,000 a ƙaramar hukumar, kuma tun daga lokacin birni bai daina cin gonaki ba. Rijiyar Zaki, Kadawa, Bachirawa, Tudun Fulani, wuraren da aka sani da gero da dawa, an yanka su fulotai, sun cika da ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau. Irin wannan magidanci zai fito daga gida ya hau babur ko ya shiga adaidaita sahu, ya zauna a shago ko ofis har la'asar, ya dawo ya zauna a majalisa har isha. Shekara goma a haka sai tumbi ya fito, sai wata rana a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a ɗaura masa abin awo a dantse a ce jininsa ya hau, ko a ce suga ya yi yawa. Cikin abin da likita zai faɗa masa har da, "Alhaji, sai fa ka riƙa motsa jiki." Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki kowane mako. Mafi ƙarancinsa ke nan rabin awa, kwana biyar a mako.

Wanda zai iya cika wannan a kan titi, to ya yi, ya riƙe kuɗinsa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, kuma mai zuwa aiki a kan keke ya huta da sayen mai, ya huta da sayen na'ura. Sai dai ba kowa ne hakan ke yiwuwa gare shi ba. Wanda ya san titin Katsina da safe, ga tireloli masu shiga Dawanau, ga 'yan adaidaita masu tsayawa ba sigina, ba zai tura dattijo mai hawan jini cikinsu ba. Ga ƙurar hunturu ga mai asma, ga caɓin Agusta a unguwannin da ba kwalta ba magudana. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: mutum mai shekara hamsin da aka saba gani a mota, ranar da aka gan shi a kan keke, kafin azahar labari ya zaga cewa karayar arziki ta same shi. Kana iya cewa wannan ba hujja ba ce. Ni ma haka nake gani, amma tunda ita ke hana mutane fita, dole a sa ta cikin lissafi.

Sai mata, waɗanda a ganina su ne ainihin masu wannan keke, ko da yake ba su ake tunawa ba in za a saya. Matar aure a Bachirawa ba za ta hau keke ta zaga unguwa ba, ko maigida ya yarda, ko ita tana so. Kakarta ba ta bukaci wata na'ura ba, domin surfe da daka da niƙa a dutse da jan guga a rijiya sun ishe ta. Yau inji ke surfe da niƙa, 'yan garuwa ke kawo ruwa har bakin randa, taliya da shinkafa sun rage tuƙin tuwo. Sauƙi ne aka samu, babu mai son a koma wahalar da. Amma abinci ya ƙaru, motsi ya ragu, ga haihuwa a kai a kai. Je ka layin masu suga da hawan jini a kowane asibiti ka ga yawan matan da ke zaune suna jira. Ga macen da ke cikin gida, keken da ke tsaye a rumfarta na iya zama hanya ɗaya tilo da za ta sa zuciyarta ta yi aikin rabin awa ba sai ta nemi izinin fita ko ta yafa mayafi ba. Mai saye ya sa wannan a ransa tun farko, domin shi zai sauya zaɓin gaba ɗaya. Abin da za a kawo na gida ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma masu hawansa tsayinsu da ƙarfinsu da suturarsu ba ɗaya ba ne.

Asalin na'urar ma don marasa lafiya aka ƙirƙiro ta. A 1796 wani mutumin Ingila, Francis Lowndes, ya yi rajistar wata na'urar katako da ake juyawa da hannu da ƙafa, saboda masu sanyin ƙashi da masu shanyewar jiki da waɗanda aikinsu na zama ne, tun ba a ƙera keken hawa a titi ba. 'Yan tsere daga baya suka shigo, kuma su ne suka cika intanet da bayani. Shi ya sa in ka nemi shawara a waya za ka tarar ana ta lissafin wat da jera sunayen manhajoji, alhali kai tambayarka ita ce ko abin zai sami wuri a gidanka, ko zai yi aiki ba wuta, in kuma ya lalace ko akwai mai gyara shi a Kano.

Ɗora naka, ko sayen mai zaman kansa

Abin da ake sayarwa kashi biyu ne. Akwai keken motsa jiki mai zaman kansa, wanda ba shi da tayar tafiya sam. Akwai kuma ƙarfen da ake kira tirena, wanda kake ɗora kekenka na hawa a kai ya zama na ɗaki, in ka gama ka sauke abinka ka fita da shi.

Na biyun ne ya fi jan mai ƙaramin ƙarfi, tunda yana ganin ai ga keke nan jingine a zaure, saura kaɗan. Ga yadda yake. Ƙafafu ne na ƙarfe masu naɗewa, da baki biyu da ke kama sandar tsakiyar tayar baya dama da hagu su ɗaga ta kaɗan. Tayar sai ta kwanta a jikin wata 'yar gangar ƙarfe, kana tuƙi tana murza ta. Abin da ke sa tuƙin nauyi yana gefen wannan ganga, kuma iri uku ne. Mai fanka ya fi araha, ba ya kuma lalacewa, amma in ka sa ƙarfi ƙararsa sai maƙwabta sun leƙo. Mai maganaɗisu, faifan alminiyam ne ke juyawa kusa da maganaɗisun ba tare da sun taɓa juna ba. Juyin kan tayar da wata 'yar wutar lantarki cikin faifan wadda ke riƙe shi, gwargwadon matsowar maganaɗisu gwargwadon nauyin feda, kuma akan haɗo shi da waya mai maɓalli da ake ɗaurewa a kan keke don ƙarawa ko ragewa. Na uku farfela ce ke juyawa cikin man silikon mai kauri a rufaffen gwangwani. Shi ya fi shiru da daɗin tuƙi, nauyinsa na ƙaruwa da kansa in taya ta ƙara gudu, amma tsohonsa kan yi yoyo, in ya tsiyaye kuwa samun mai cika shi a nan sai an sha wuya.

A nan ne mai Phoenix ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Waɗannan ƙarafa an ƙera su ne don kekunan tsere da na hawan dutse, waɗanda ake ɗaure tayarsu da wani siririn tsinke mai hannu, ba da noti ba. Namu na gargajiya tayarsa inci 28 ce, ta ɗan fi ta keken tsere girma, da manyan notoci aka ɗaure ta, kuma a kan wannan sanda ɗaya aka jibga ƙafafun kariya da na madigadi da jak. Sau da yawa bakin tirena ba ya samun inda zai kama, in ya kama kuma madigadi ya tokare gangar. Ana iya kwance waɗannan duka a nemo notoci na musamman, amma keken da aka tuɓe wa kariya da jak ya tashi daga keken zuwa kasuwa, ka ga dalilin zaɓen tirenar ya rushe ke nan. Sannan giyarsa ɗaya ce. A kan mai fanka da mai farfela, da giya ake sauya nauyi, mai giya ɗaya kuwa ba shi da wannan dama. Saboda haka in dole sai tirena a kan irin wannan keke, mai maganaɗisu da maɓalli ne kaɗai zai yi amfani, kuma kada a biya ko kwabo sai an turo keken har shago an ɗora an gani.

Wanda ke da ɗan Beljiyam mai giya, irin waɗanda suka cika gari yanzu, tasa ta fi sauƙi. Taya mai haƙora in ta hau ganga gurnani take yi har daɓe na rawa, sai a sauya ta baya da mai santsi. Gangar kuma na cin roba fiye da kwalta saboda zafin guga a wuri ɗaya, don haka tsohuwar tayar da ta riga ta suɗe ita ta dace. A ba ta iska sosai, a matse gangar daidai yadda ba za ta zame ba, in an gama a sassauta.

Akwai na zamani da ake cire tayar baya gaba ɗaya a ɗora sarƙa a kan haƙoran na'urar. Kickr na kamfanin Wahoo da Neo na Tacx su ne suka yi suna. Ana haɗa su da waya ko kwamfuta, ka ga kanka a allo kana hawa tudu, feda ta yi nauyi da kanta, kana tsere da wani da ke Jamus ko Japan ta manhajar Zwift, wadda ta fito a 2014. Lokacin kullen korona abin ya bunƙasa, har a watan Yulin 2020 aka yi kwaikwayon gasar Tour de France a cikinta, ƙwararrun 'yan tsere kowa na tuƙi daga inda yake. Abin sha'awa ne ƙwarai. To amma a yi lissafi. Irin wannan na'ura daga wajen dala 300 take tashi har ta wuce 1,000. Kuɗin Zwift ya koma dala 19.99 duk wata a Mayun 2024, kusan naira 30,000 ke nan a canjin lokacin, a shekarar da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na 70,000. Yawancinsu sai da wuta, ga data, ga kayan lantarki a ciki waɗanda wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi ke iya ƙonawa. Kuma Phoenix ba ya hawa kansu ko da wasa. Matashin da ya ga Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga a Tour de France ta 2024 ya ƙudurta shi ma sai ya yi tsere, wata rana zai bukaci irin wannan, Allah ya ba shi iko. Mai neman saukar da suga ba ya bukatarsa. Haka ma wasu ganguna uku da ake ɗora keke a kansu ba a ɗaure ba, mutum na tuƙi yana kiyaye kansa kada ya faɗi. Na gwanaye ne, ba a farawa da su.

A shagon gwanjo

Hukuncina dai, gidan da mutum biyu ko uku za su hau, keke mai zaman kansa ya fi, wanda ba a jona shi da wuta, wanda ake ƙara masa nauyi da murɗa wani dunƙule da hannu. Sababbi na nan a shagunan kayan wasanni da Jumia da Konga, amma masu arahar cikinsu ƙarfensu shafal yake. Na gwanjo da aka kwaso daga gidajen motsa jiki na Turai sau da yawa sun fi su ƙwari nesa ba kusa ba, in an iya dubawa. Ana samunsu wajen masu kayan Beljiyam, da kuma Jiji, inda za ka tarar da waɗanda aka saya da zumuɗi, aka hau sau kaɗan, aka mayar da su wurin rataye riguna. Farashi na bin dala, tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuwa abin da aka faɗa maka wancan wata ba shi za ka tarar ba, don haka a zaga shago biyu ko uku kafin a taya.

Siffarsu uku. Akwai miƙaƙƙe, mai zaman keken da aka saba. Akwai mai kujera da majingina, feda na can gaba. Wannan ya fi dacewa da dattawa da masu ƙiba sosai da masu ciwon baya da wanda ke farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki, domin ba sai an ɗaga ƙafa an haye ba, zama kawai ake yi. Aibinsa cin wuri. Irin waɗannan marasa lafiya kada a saya musu komai sai an tambayi ma'aikatan sashen gashi da motsa gaɓɓai, a asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Wani lokacin 'yar fedar da ake ajiyewa a ƙasa gaban kujera ta wadatar, kuɗinta kuma kaɗan ne.

Na uku shi ne mai babban faifan ƙarfe a gaba, wanda wani ɗan tseren Afirka ta Kudu mazaunin Amurka, Johnny Goldberg, ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1980. Shi ya fi ƙwari, ya fi sauƙin fahimta: faifai mai kilo 13 zuwa 20 a na kirki, da sarƙa, da wani ɗan tsumma mai kauri ko fata da ke danne faifan. Babu abin da mai gyaran keke na bakin titi ba zai gane ba a jikinsa. Amma yana da hali ɗaya mai haɗari. A yawancinsu feda a haɗe take da faifan, ba ta sakin ƙafa yadda ta keken titi ke yi. Ka daina tuƙi, ita ba ta daina ba, sai faifan ya tsaya ko ka danna birki. Bakin zani ko na doguwar riga in ya faɗa ciki, ja zai yi har sai wani abu ya yage. Shi ya sa a gidan da mata za su hau, ga yara ƙanana, na fi son miƙaƙƙe mai maganaɗisu wanda aka rufe cikinsa da murfin roba. Wanda ya zaɓi mai faifai saboda ƙwarinsa, to a riƙa hawa da wando, a kuma koya wa kowa birki tun ranar farko.

Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan ko can ba a hau shi ba, dubi fenti." Bar fenti. Tuɓe babbar riga ka hau, ka yi minti biyar cur. Murɗa nauyin daga farko har ƙarshe ka ji ko kowane mataki na sauyawa. Miƙe tsaye a kan feda ka ga ko ƙarfen na rangaji. Kasa kunne: ƙas-ƙas a kowane zagaye daga gindin feda alamar boris ya ci ne, wannan ana gyarawa, sai a rage kuɗinsa a ciniki, tsagewa a wurin walda kuwa, a bar musu kayansu. Leƙa ƙarƙashin kan keken da gindin sirdi, nan gumin mai shi na farko ya riƙa ɗiga, gishirin gumi kuwa yana cin ƙarfe ta ƙarƙashin fenti. Ɗaga sirdi har ƙarshe, sauke shi har ƙasa, ka tabbata zai yi wa mafi tsayi a gidan da mafi gajarta. Nemi 'yar takardar da aka manna mai faɗin nauyin da yake ɗauka. Masu araha kan tsaya a kilo 100 ko 120. Tambayi ko sarƙa ce a ciki ko bel. Bel ya fi shiru, amma in ya tsinke samun daidai shi aiki ne, sarƙa kuwa galibi irin ta keke ce. Ɗan allon da ke nuna lokaci da gudu, in ya mutu kada ya hana ka saye, agogon waya ya isa. Amma in da maɓallin allo ake ƙara nauyi, to wani ɗan inji ne a ciki ke matsar da maganaɗisu, ranar da ya tsaya keken ya maƙale a nauyi ɗaya ke nan. Wanda aka kwaso daga Amurka kuma a karanta jikin filoginsa, domin wasu wutar 110 suke ɗauka, tamu kuwa 230 ce.

Kuskuren da ya fi kashe wa mutane gwiwa ba a shago ake yin sa ba, a gida ne: a kai keken ƙuryar ɗaki mai rufin kwano a turo ƙofa. Cikin ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa feda, sauran zafi yake zama. Mai tuƙin wat 100 yana fitar da zafin da ya kai na ƙwan lantarki irin na da, mai wat 100, har guda uku. A titi iskar tafiya ke kwashe wannan, a ɗaki kuwa babu ita. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40 har ya haura, minti goma sun isa mutum ya ji jiri ya rantse ba zai ƙara ba. Wurinsa rumfa ko baranda ko inuwar tsakar gida inda iska ke ratsawa, lokacinsa bayan sallar asuba ko bayan magariba. Fanka mai caji ko ta sola a saitin ƙirji tana cikin kuɗin keken, a lissafa ta tun farko, ko da za a sayi wanda bai kai wanda aka so ba. In daɓen ƙasa ne a sa katako a ƙarƙashi don kada ƙafafun su nutse su karkace. A goge gumi bayan kowane hawa, a lulluɓe shi da tsohon zani, musamman da hunturu, domin ƙura in ta haɗu da man sarƙa cin ƙarfe take yi. Kafin a tashi kuma, mai faifai a murɗe shi har ƙarshe yadda feda ba za ta juyu ba, sauran a ɗaure fedarsu da igiya. Yaro ɗaya na juya feda da hannu, ƙaninsa na tura yatsa wajen sarƙa: ta haka yara ke rasa yatsu a jikin waɗannan kekuna, rauni ne da likitoci suka sani.

Wanda kuɗinsa bai kai ko ɗaya ba, ga kuma tsohon keke a gida, mai walda na iya fitar da shi. A Ƙofar Ruwa za a sami ƙarfen kwana da boris da guntun bututu. Abin da ake so gindi ne mai faɗi da ba zai kife ba, da kunnuwa biyu da za su riƙe notocin taya, da ganga a kan boris biyu wadda ake matsowa da dogon noti. Ba zai yi laushin na kamfani ba, tunda babu faifai mai nauyi da zai riƙe juyin, feda za ta riƙa cijewa in ta kai sama, amma zai sa gumi. Abin da ba a so shi ne a ɗage taya a kan jak kawai a yi ta wulwula ta a iska, ko a ɗaure birki don a sami nauyi. Na farko ba aiki ba ne, na biyu ɓarnar roba ce. Akan tambaya ko ba za a haɗa masa dinamo ya ba da wuta ba. Zai bayar, amma rabin awar mai matsakaicin ƙarfi ba za ta wuce cajin waya ɗaya ko biyu ba, ƙaramin faifan sola ya fi shi.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko suga ya gaya wa likitansa kafin ya fara, musamman mai allurar insulin ko ƙwayar da ke saukar da suga da ƙarfi, domin motsa jiki na ƙara saukar da shi. Ya ajiye ruwa da dabino a kusa, kada kuma ya hau ba takalmi ko da silifa, tunda ƙaramin rauni a ƙafar mai suga ba ƙarami ba ne. Da azumi a bari sai bayan buɗa-baki ko bayan asham. Minti goma a nauyi mara yawa ya isa a makon farko, a riƙa ƙara biyar-biyar. Ma'aunin da ba ya bukatar batir shi ne numfashi: in kana iya amsa sallama da gaisuwa amma ba ka iya jan dogon karatu, kana daidai. Ciwon ƙirji ko jiri ko sarƙewar numfashi, a sauka nan take a nemi asibiti.

Sauran ƙorafin duk na sirdi ne, kuma tsayinsa ake fara gyarawa. Zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, haka ake so. Yawancin masu farawa ƙasa suke sa shi don su ji suna iya dira, shi ke kawo ciwon gaban gwiwa. In bayan gwiwar ne ke ja, ya yi sama, a sauke rami ɗaya. Ciwon mazaunai na makonnin farko yakan wuce da kansa. In bai wuce ba, ko wurin na sagewa, a duba ko hancin sirdin ya ɗaga, a daidaita shi ya kwanta. In duk da haka babu sauƙi, a kwance shi a kai wa mai gyaran keke ya gwada faffaɗan sirdin Phoenix mai sifirin, wanda kan zauna a kan da yawa daga cikin kekunan nan, ko da sai an ɗan taɓa shi da walda. In kowa ya sami ramin da ya yi masa, a sa alama a jikin sandar, na maigida da jan fenti, na uwargida da fari, in akwai amarya ita ma a nemo mata nata launin, don kada wani ya riƙa hawa a tsayin wani saboda ƙyuyar murɗa noti.